Babbar Taya a Tsohuwar A-kori-kura: Abin da Direbobin Kankiya da Kusada ke Samu, da Abin da Suke Biya

Da zarar kaka ta kama, aka shiga sussukar gero da roron wake a ƙauyukan Kankiya da Kusada, babu motar da ke shan wahala kamar a-kori-kura. Tirela ba ta shiga gona. Kanta tana shiga wasu wuraren, amma kuɗin shatarta ya fi ƙarfin mai buhu goma. Amalanken shanu kuwa iyakarsa ya kai amfani gida ko ya ajiye shi a bakin hanya. Abin da ya rage tsakanin rumbu da kasuwa sai tsohuwar Hilux, ko Fijo 504 da ta ga jiya ta ga yau, ko wata Nissan da fentinta ya daɗe da koɗewa. Wanda ya san motocin nan tun suna sababbi zai lura cewa da yawansu sun fi yadda aka ƙera su tsawo. An cire musu tayoyin da kamfani ya tsara, an sa manya.

Taswirar yankin ita ke bayyana dalili. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa ƙananan hukumomin biyu, ta bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Yashe a ƙasar Kusada, ta wuce cikin garin Kankiya ta nufi Charanchi. Daga Yashe akwai hanyar da ta yi kudu zuwa Malumfashi da Funtuwa, daga Kankiya kuma ana iya ɓallewa zuwa Dutsin-Ma ko Ingawa. Waɗannan duk kwalta ne, ko da kuwa wani wurin ramuka sun ci shi. Amma hatsin da ake lodawa zuwa kasuwar Dawanau ta Kano ba a bakin kwalta ake noma shi ba. Daga bayan Rimaye yake fitowa, da Kafin Soli, da Mawashi, da Dudunni, da ɗaruruwan unguwannin da hanyarsu burtali ce da ƙafar mota ta faɗaɗa. Da rani yashi ne mai kama taya. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa ya zaizaye gefe, motar da ta fi girma ta bi ta haƙa layi biyu masu zurfi, ta bar tudu a tsakiya.

Wannan tudun na tsakiya shi ne babban abokin gabar direban a-kori-kura. A ƙarƙashin motar, a tsakiyar aksil ɗin baya, akwai wani kumburin ƙarfe da ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyin baya biyu, wanda kanikawa ke kira difaranshal. Babu abin da ya fi shi kusa da ƙasa. Idan tayoyi suka faɗa cikin layin da Kanta ko tarakta ta haƙa, shi ne ke zama a kan tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza, mota ta kafe. Daga nan sai sauke buhuna, a nemo shebur da ƙirare, yaron mota ya shiga ƙarƙashi. A shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi sassan jihar Katsina, babu direban da ke son magariba ta same shi a daji yana haƙar ƙasa.

A nan dole a ba direbobi gaskiyarsu. Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bodin mota, amma ba ya ɗaga aksil ko kaɗan, tunda aksil a kan taya yake zaune. Hanya ɗaya tak ce ta nesanta difaranshal da ƙasa, wato taya mai tsawo. Saboda haka wanda ya ce masu wannan aiki burga kawai suke yi, bai taɓa kwana a kan hanyar ƙauye ba. Akwai masu burgar, samarin da ke sa wili mai ƙyalli don a kalle su a tasha, amma ba su ne mafi yawa ba.

Lissafin da ba a yi a gareji

Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu ta saba zuwa da taya mai lamba 205R16C, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama bai wuce santimita 73 da ɗan ɗoriya ba. Wadda aka fi kwaɗayin mayar mata da ita ita ce 7.50R16, tayar Land Cruiser da ƙananan motocin kaya, mai kusan santimita 80. Bambancin santimita 7 ke nan. Sai dai motar ba ta tashi da duka bakwai ɗin, domin rabin ƙarin yana saman aksil, yana cika ramin madigadi ne kawai. Abin da direba ya samu a ƙasa santimita 3 da rabi ne, faɗin yatsu biyu. Haka lissafin yake ga mai jan ƙafa biyu da ta zo da 195R14C, mai kusan santimita 67, idan aka kai ta 205R16C.

Yatsu biyu ba abin rainawa ba ne a kan tudun laka. Amma ga abin da aka bayar a madadinsu. Tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 10 cikin 100, don haka duk juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da da, kuma ƙarfin da inji ke turawa ƙasa ya ragu da kusan wannan kason. Motar da babu kaya ba za ta nuna ba. Wadda aka danƙara wa buhunan dawa, za ta tashi daga cikin yashi, ita ce ke nunawa: giya ta ɗaya ta yi mata nauyi, direba ya danne totur ya riƙe kuloci rabi da rabi har sai ƙauri ya tashi. Bayan 'yan watanni a ce faifan kuloci ya ƙone, a zagi mai sayar da kayan gyara a ce jabu ya bayar, alhali tayar ce ta ci shi.

Birki ma haka. Diram da faifan birki girmansu bai canza ba, amma yanzu ana so su tsayar da taya mai tsawo da nauyi fiye da wadda aka auna su da ita. Sannan maleji ya koma faɗin ƙarya. Idan allura ta nuna 80, motar tana gudun kusan 88. Idan ta nuna 100, ta kai 110. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana wuce shi: ƙarin kashi 10 a gudu yana jawo ƙarin kusan kashi 21 a nisan tsayawa. To, a haɗa da birkin da ya riga ya yi rauni, a kan hanyar da aka faɗaɗa ake ta sheƙa gudu, ga babura da awaki da 'yan talla a mararrabar Gidan Mutum Ɗaya. (Wani zai ce ai yawancin motocin nan malejinsu ya mutu tun zamanin soja. Gaskiya ne, kuma wannan bai gyara komai ba, domin direban da ke auna gudu da kukan inji shi ma ya ruɗu: injin yana kuka kamar da, motar kuwa ta fi da gudu.)

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a ƙarƙashin Hilux da irinta wanda ba kowane direba ya san aikinsa ba. Wani bawul ne da aka ɗaura a jikin shasi, da sandar ƙarfe da ta haɗa shi da aksil ɗin baya. Idan kaya ya danne mota, sandar ta motsa, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan babu kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle motar ta juya. Babbar taya kusan kullum tare take zuwa da ƙarin ganyen sifirin, don kada ta riƙa gogar madigadi. Da an ƙara ganye, bayan motar ya daina sauka yadda ya saba, sai bawul ɗin ya ɗauka motar wayam take ko da tana ɗauke da tan guda, ya riƙa hana birkin baya ƙarfinsa. Gyaran ba shi da wuya, a daidaita sandar da sabon tsayin ne kawai. Amma sau da yawa ba a yi, wani lokacin ma a tarar an cire sandar gaba ɗaya an ɗaure bawul ɗin da waya.

Sai maganar mai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lissafin kowane direba ya canza, kuma gas da ma ya riga ya yi tsada. Akwai masu cewa babbar taya tana rage shan mai, kuma a kan kwalta, motar da ba kaya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki tunda injin yana juyawa a hankali. Amma a-kori-kurar Kusada ba don yawo wayam aka saye ta ba. Da kaya a kan burji, direba yana daɗewa a ƙananan giyoyi, tayar ta fi nauyi, idan kuma mai faɗi ce ta fi jan ƙasa. Mai ya fi tafiya.

Inda haɗarin ya fi yawa: wili

Taya roba ce, ana iya canza ta gobe. Aikin da ya fi tayar da hankali a wili ake yin sa. Hilux mai jan ƙafa huɗu noti shida gare ta, kuma ramukan wilinta sun dace da na tsofaffin Land Cruiser da wasu motocin Nissan da Mitsubishi da Isuzu, shi ya sa musanya ke da sauƙi a tsakaninsu, ko da yake ramin tsakiya yakan bambanta. Tsohuwar mai jan ƙafa biyu kuwa noti biyar ce. Fijo ita ma tsarinta daban. Idan mai motar ya nace sai wili mai inci 16, kuma bai sami wanda ya dace ba, sai a nufi wurin mai walda. A yanke tsakiyar tsohon wili a liƙa a cikin sabon, ko a huda sababbin ramuka kusa da na asali, ko a faɗaɗa ramukan da wuta har noti ya shiga.

Masu waldar ƙasar nan gwanaye ne, kuma da hannunsu ne rabin motocin karkara ke tafiya. Amma wili abu ne da ke juyawa sau ɗaruruwa a minti ɗaya ɗauke da nauyi, kuma idan tsakiyarsa ta kauce da 'yan milimita, ido ba zai gani ba, sitiyari ne zai riƙa rawa a hannun direba. Wannan rawar ita ke kwance noti, ita ke cinye boris, ita ke tsaga walda sannu a hankali. Ramin da aka faɗaɗa da wuta ba ya riƙe noti daidai. Nauyin sai ya taru a kan kusa biyu ko uku, su kuma su karye ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin taya ta fice daga mota tana gudu ta wuce gaba ita kaɗai, ya san abin da ake magana a kai.

Ko wilin da ramukansa suka dace yana da nasa sharaɗi. Wani wilin yana tura taya waje fiye da na asali, motar ta yi faɗi, ta yi kyan gani. Sai dai nauyin da ya kamata ya sauka a kan boris kai tsaye ya koma gefe yana lanƙwasa shi. A ƙananan a-kori-kura, sandar aksil ɗin baya aiki biyu take yi, tana juya taya kuma tana ɗauke da nauyin mota, boris ɗaya ne ke tallafe da ita a bakin taya. A Kanta ba haka ba ne, nauyin yana kan bututun aksil, sandar juyawa kawai take yi. Shi ya sa tayar Kanta ba ta mayar da Hilux Kanta. Idan boris ɗin nan ya watse ko sandar ta karye, taya da diram da guntun sanda suna iya ficewa tare.

Wilin alminiyon da ake cirowa daga motocin gida da jif-jif na Kwatano shi ma ya shigo ƙauye. Na ƙarfe idan ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyon tsagewa yake. Kuma da yawa daga cikinsu, musamman na Toyota, suna da nasu noti mai wosha, wanda ba irin na wilin ƙarfe ba ne. Idan aka ɗaure su da tsohon noti, suna iya kwancewa a hanya.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba a wannan harka, wato mai faci. Yawancin wilin inci 16 da ake cirowa daga tsofaffin Land Cruiser da motocin kaya masu zobe ne, ana sa tiyub a ciki, zoben ƙarfe ya riƙe bakin taya. Idan zoben ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko aka haɗa shi da wilin da ba nasa ba, yana iya fincikewa lokacin da ake ba taya iska, da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. A ƙasashen da ake kiyaye ƙa'ida, cikin kejin ƙarfe ake ba irin wannan taya iska. A bakin hanyar Kankiya kuwa, yaro ɗan shekara goma sha biyar ne ke tsugune a kanta da tiyo a hannu, maigidansa yana can yana facin wata. Ko keji bai samu ba, kifa wilin zoben ya kalli ƙasa, a ɗaure shi da sarƙa, a ja da baya, ba ya cin ko sisi.

Daga ina tayoyin ke zuwa

Akwai lokacin da Najeriya ke yin tayarta. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008. Tun daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigowa da kaya, sababbi daga Sin da Indiya da Tailan da sauransu, tsofaffi kuma daga Turai. Dokar kwastan ta hana shigo da tayoyin da aka yi amfani da su, in ban da wasu manya na tirela da ake sabunta wa baya, amma kowa ya san tsohuwar tayar da ake kira Baljiyam tana nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da kowane babban gari. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta ƙara tura masu ƙananan motoci wajenta.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da maganarmu, domin ba kullum ne direba ke zaɓar babbar taya ba. Wani lokacin ita ce ke zaɓarsa. Turawa yanzu jif-jif suke hawa masu wili inci 16 da 17 da 18, don haka tsofaffin tayoyin da ke zuwa irin waɗannan ne suka fi yawa, 265/70R16 da 265/65R17 da danginsu. Mai inci 14 ta ɗaukar kaya ta fi wuyar samu a gwanjo. Mutum ya je neman tasa, aka nuna masa wata babba mai kauri a kuɗin da bai kai na sabuwa ba, sai ya fara tunanin canza wili.

A nan ne ake yin babban kuskure, a ɗauka girma shi ne ƙarfi. A jikin kowace taya, bayan lambar girmanta, akwai wata lambar da ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 97 tana nufin kilo 730, lamba 106 kilo 950, lamba 110 kilo 1,060, lamba 112 kilo 1,120. Ƙaramar 195R14C takan zo da 106. Tayar motar gida mai inci 17, wadda ido zai ce ta fi ta, tana iya zuwa da 97. Harafin C ko LT shi ke nuna an yi taya don kaya, gefenta ya fi kauri, tana jure iska mai yawa da duwatsu da kututturen da ke gefen gona. Tayar jif ta Turai an yi ta ne don taushi a kan kwalta mai sanyi. Wata ma ta lokacin ƙanƙara ce, robarta mai laushi, ga shi an kawo ta inda zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Shekarunta ma a rubuce suke. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma ta ƙara matsa wannan kira bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, sakamakon fashewar taya. Kamfanonin taya da dama suna ba da wa'adin da ya fi haka tsawo, amma babu wanda ya yarda da tayar da ta haura shekara goma. Da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin motocin ƙauye sun haura.

Sunan da Hilux ta yi yana cikin abin da ke ruɗar masu ita. Tun 1968 Toyota ke yin ta, kuma a 1987 dakarun Chadi na Hissène Habré sun fatattaki tankokin Libiya a kan a-kori-kurar Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Ita ma Fijo 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da haɗawa har bayan shekarar 2000, alhali Turai ta daɗe da barinta, ta bar tarihin juriya a arewa. Sai aka wayi gari ana ganin motocin nan babu abin da ba za su ɗauka ba. Alhali nauyin da aka ƙera irinsu su ɗauka kusan tan ɗaya ne, wato buhu goma na kilo 100, kuma har da direba da yaronsa a cikin lissafin. Ranar kasuwar Charanchi, Lahadi, a tsaya a bakin hanya a ƙirga.

Hukuncina a nan yake: babbar illar babbar taya ba a cikin ƙarfe take ba, a cikin zuciyar mai motar take. Da can idan aka yi lodi ya wuce kima, taya takan baje, madigadi ya taɓa ta, kowa ya ga alama a rage. Yanzu an sa taya mai kauri, an ƙara ganye uku, an ɗaga bodi da katako, motar tana tsaye ƙyam da buhu ashirin, ga fasinja a sama sun zuro ƙafafu. Alamar ta ɓace, amma birki da boris da sandar aksil da shasi na nan yadda suke tun ranar da motar ta fito daga kamfani, sai ma tsufa da suka yi. Kuma duk abin da aka ɗaga sama, ya fi saurin kifewa a kwana ko idan taya ɗaya ta sauka daga kwalta. Amurka ta ga irin wannan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, galibi na jif ƙirar Ford Explorer: zafi da ƙarancin iska suka sa bayan taya ke ɓarewa, motar kuma mai tsawo ce, sai ta wuntsila. Wasu daga cikin haɗurran farko a Saudiyya da Benezuwela aka yi su, ƙasashen zafi irin namu.

Ba a ce ba a iya yin aikin daidai ba. A Aisland akwai kamfanin Arctic Trucks da sana'arsa ke nan, shi ya shirya Hilux ɗin da masu shirin Top Gear na BBC suka tuƙa a kan ƙanƙarar arewacin duniya a 2007 da tayoyi masu inci 38. Amma ba taya kaɗai suka sa ba, sun yanke bodi, sun sake tsarin sifirin, sun canza haƙoran aksil don ƙarfin da ya ɓace ya dawo. Wannan kuɗi ne da ya fi ƙarfin motar da ke jigilar gyaɗa. Darasin da ya fi kusa da mu yana wajen direbobin Agadas masu ratsa Tenere zuwa Dirku. Su dabararsu a yashi rage iska ce, tayar ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi, idan an fito wuri mai tauri a mayar da iskar. Famfon ƙafa da abin auna iska sun fi sabon wili araha nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai shi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska da kaya da gudu ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe.

Ga wanda hanyarsa ta tilasta masa ƙari, kanikawan da suka san aikinsu ba sa wuce mataki ɗaya. Ƙa'idar da masu harkar taya ke bi ita ce kada tsayin ya wuce na asali da fiye da kashi 3 cikin 100 idan ba za a taɓa komai ba. Doguwa siririya ta fi gajera mai faɗi amfani a laka da burji, kuma ba ta wahalar da sitiyarin da ba shi da fawa. Wili ya zama na ƙarfe, mai ramukan da suka dace ba tare da wuta ko walda ba. Tayoyin aksil ɗaya su zama girma ɗaya, a mai jan ƙafa huɗu kuwa duka huɗun, domin idan na gaba da na baya suka bambanta aka sa giyar taimako, akwatin giya ne ke biya. Safaya ita ma a canza ta. Ana yawan mantawa da ita, sai ranar da aka yi faci a daji a tarar ƙarama ce, ko kuma sabuwar ba ta shiga mazauninta na ƙarƙashin bodi. A murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu da kaya a kai, a ga ko tayar tana gogar tiyon birki. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure noti.

Duk wannan magani ne na ɗan lokaci. Direba bai ƙirƙiri tudun tsakiyar hanya ba, tarar da shi ya yi. Katsina tana cikin jihohin da ke cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Kwalbati guda a mashigin ruwa, da gireda da za ta bi hanya sau ɗaya bayan damina, sun isa su sa mai Hilux ya daina tunanin tayar Land Cruiser. Wannan aikin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada ne da gwamnatin jiha, da wakilan mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa.

Amma akwai abin da ba sai an jira gwamnati ba. Jami'an FRSC da VIO da KASSAROTA a kan kwalta suke tsayawa, kuma abin da suka fi dubawa takardu ne. Waɗanda suka san kowace mota da tarihinta su ne shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho a tasha, da kanikawa da masu facin da motar ke kwana a gabansu. Sun san wadda aka yi wa wilin walda, sun san wadda birkin bayanta ya mutu. Shugabannin tashoshin Kankiya da Kusada da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya suna da ikon hana irin wannan mota lodin mutane a kan kaya, kuma ba sa bukatar wata sabuwar doka daga Abuja kafin su fara.